Saifar Yaya

Har yau in na bi ta gaban mai tsire a bakin tashar Wurno, na ga ya yanki saifa ya ɗora wa mai saye a matsayin gyara, sai in ji raina ya ɓaci. Gyara fa, ɗan abin da ake ƙara maka don kada ka tafi kana ƙorafi. Ba laifin mahaucin ba ne, haka ya tarar ana yi, ni ma haka na tashi ina ganinta. A Kwargaba, inda aka haife mu, ba a ambaton saifa sai ta kawo matsala. Yaro ya sha zazzaɓi damina biyu a jere, cikinsa ya ɗago ta hagu, sai a kira wanzami ya yi masa 'yan tsage a wurin, a shafa magani. Da yawa cikin sa'o'ina suna da wannan zanen a ƙasan haƙarƙari. Ban taɓa jin wani ya faɗi alherinta ba har na girma, na yi karatu, na zama malamar kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Rabah. Ni da ke zana cikin ɗan Adam a allo, in na zo kanta sai in ce tana tace jini, in wuce zuwa ƙoda.

Yayana, wanda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya, manomin albasa ne da tafarnuwa a fadama. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, sai wansa, wanda muke kira Baffa, ya riƙe gidan, kuma har yau maganarsa ce magana. Yaya mutum ne mai jiki, mai murya, mai tsokana. Malama yake kirana tun kafin in zama malamar, wai saboda iyayina, in kuma na ishe shi ya ce Malama mai fitina. Abin taƙamarsa guda ne, cewa tun da ya yi wayo allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba. Kuma gaskiya ne. Zazzaɓin da zai kwantar da baƙo mako guda, shi in ya kama shi da safe sai ya sha ruwan ganyen dogonyaro, ya yi surace, ya lulluɓa ya yi gumi, washegari ka gan shi yana tada injin ban-ruwa. Duk mazan fadama haka suke ji da kansu. Suna da wata doka da ba wanda ya rubuta: namiji ba ya zuwa asibiti don zazzaɓi sai ya kwana uku. Wanda ya tafi a ranar farko sai ya shekara ana yi masa ba'a a majalisa.

Lokacin dashen albasa ne abin ya faru. Ya kai injinsa gyara Goronyo, ya ɗaure shi a bayan babur ya kamo hanya. Wajejen Kagara wata saniya ta fito masa daga gona, ya kauce, ya faɗi, kan babur ya soke shi a haƙarƙarin hagu. Ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya sake ɗaure injin, ya tuƙo kansa har gida. Ya ci abinci. Ya yi azahar a zaune yana cewa kafaɗarsa ce ke ciwo. Kafin la'asar leɓɓansa sun yi fari fat, ya miƙe zai fita ya zube a tsakar gida. A wani babban asibiti a Sakkwato aka gano saifarsa ta tsage, jini yana ta zuba a cikin cikinsa tun hantsi. Abokansa biyu suka ba da jini, aka shiga da shi, aka cire ta. Sun ceci ransa, wannan ba zan taɓa musunsa ba, kuma ina yi musu addu'a. Washegari na taho daga Rabah na karɓi jinya, don matarsa tana da goyo.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa daga gida, mota bayan mota. Abin da ya fi fitowa daga bakinsu shi ne barka, ya huta. Wani dattijo maƙwabcinmu har ya ɗaga rigarsa ya nuna tsagen da aka yi masa yana yaro, ya ce da a zamaninsu akwai irin wannan aikin da shi ya fara kai kansa a raba shi da ita. Ɗakin ya ɗauki dariya, Yaya yana dafe ɗinkinsa yana roƙon a daina ba shi dariya. Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba.

Ranar sallama wani mai farar riga, wanda har yau ban san ko mene ne aikinsa ba, ya miƙo mana wata takarda yana tafiya, ya ce mu bi abin da aka rubuta. Bai ko tsaya ba. Turanci ne, da irin rubutun nan nasu kamar tafiyar kaza. Yaya ba ya karanta boko, ajami ya iya. Da ba na nan, wallahi da takardar nan ƙuli-ƙuli za a ƙunshe da ita. Wannan shi ne fushina na farko, kuma bai huce ba. Ka buɗe cikin mutum, ka fitar masa da wani sashe na jikinsa da aka halicce shi da shi, sannan ka rasa minti biyar da za ka zauna a bakin gadonsa ka faɗa masa da harshensa abin da ya rasa? Na zauna na yi ta haɗa haruffan har na fitar da abu uku. A yi masa wasu allurai na rigakafi bayan mako biyu. Ya riƙa kwana cikin gidan sauro. Kuma duk ranar da ya yi zazzaɓi, kowane iri, a kawo shi asibiti nan take. An ja layi biyu a ƙarƙashin wannan na ƙarshen.

Layin nan biyu ne suka tsorata ni. Na bi wata matashiyar likita da ke zagaya mu da safe, na tare ta a gindin matakala, tana riƙe da kular abincin da ban ga alamar ta samu buɗewa ba. Na ce mata ni malamar kimiyya ce, ta yi mini bayani kada ta rage komai. Ta jingina da bango ta yi.

Ta ce in tuna da fararen ƙwayoyin jini da nake koya wa ɗalibai. A cikinsu akwai wani jinsi da likitoci ke kira ƙwayoyin B. A ɓargon ƙashi suke samuwa, su fito ba su san kowace cuta ba. Duk sa'ad da wata cuta ta shiga jiki, waɗanda suka dace da ita sai su hayayyafa. Wasu su yi ta zubo abin yaƙarta cikin jini har a ga bayanta, wasu kuwa ba sa mutuwa bayan an gama, sai su zauna riƙe da kamanninta shekara da shekaru. Su ne masu tunawa. Da yawansu saifa ce mazauninsu, a wani gefe nata inda jini ke ratsawa a hankali, don haka duk abin da ya shiga jini sai ya bi ta gabansu. Ta ce kamar tsofaffin nan masu zama a bakin tasha, waɗanda in ɓarawon bara ya sauko daga mota, kafin ya gyara hularsa sun gane shi. Ba a haifar jariri da su a shirye. A hankali suke taruwa cikin shekarun farko, shi ya sa ciwon huhu da sanƙarau suka fi kayar da 'yan ƙanana. Shi Yaya shekara talatin da 'yan kai ya yi yana tara nasa, tari bayan tari, zazzaɓi bayan zazzaɓi, kuma duk na cikin saifar sun tafi tare da ita. Akwai saura a kaluluwa da sauran wurare, ba wai jikin ya manta komai ba ne. Amma akwai wasu ƙwayoyin cuta masu santsin baya, masu wuyar kamawa, waɗanda in sun faɗa jini saifa ce ke fara tare su. In babu ita, kafin sauran su ankara an yi ɓarna. Rigakafin shi ne a koya wa waɗanda suka rage fuskar waɗannan tun kafin su zo.

Da za ta tafi ta ce, "Yayanki ƙato ne, amma a wajen waɗannan cututtukan ki ɗauke shi kamar ɗan goye. In ya yi zazzaɓi kada ku ƙirga kwana. Awa za ku ƙirga."

Na dawo gida da wannan maganar a bakina kamar garwashi. Na faɗa wa Inna, mahaifiyarmu, ta ce Allah ya tsare. Na faɗa wa matarsa, ta zaro ido. Na durƙusa a zaure na karanta wa Baffa takardar, ina fassarawa layi-layi. Ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya sa mini albarka, ya ce karatuna bai tashi a banza ba. Sannan ya karɓi takardar, ya naɗe ta a leda, ya buɗe akwatin littattafansa ya sa ta a tsakanin manyan littattafai biyu, ya kulle. Ya girmama ta matuƙa. A gidanmu in aka girmama takarda, to ba za a sake ganinta ba. Allah ya sa na riga na kwafe ta a littafina.

Mako uku na yi ina bin Yaya da waya a kan alluran. Da safe in kira, da yamma in kira. Daga ƙarshe ya yarda, amma sai da ya bi abokansa ɗaya-ɗaya yana cewa shi dai ba don kansa zai je ba, Malama ce ta tada fitina ta hana shi sakat, zai je ne don a zauna lafiya. Na ji haushin wannan a lokacin. Na ce mutum da ransa, sai ya fake da ƙanwarsa kafin ya tsare shi.

Muka je wani ɗan ƙaramin asibiti ranar da ake rigakafi. Duk wanda ya san irin ranar ya san yadda wurin yake: benci-benci a inuwar itace cike da mata, kowace da jaririnta da katinta a hannu, ga kuka, ga hira. Babu namiji ko ɗaya sai ma'aikacin da ke zaune a tebur. Yaya ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya raɓe a jikin bango yana kallon ƙasa. Da layi ya zo kanmu na kira shi, ya matso. Ma'aikacin ya dube ni, ya dubi bayana, ya ce ina jinjirin. Na ce babu jinjiri, wannan ne za a yi wa, an cire masa saifa, ga abin da aka rubuta mana a asibiti. Na miƙa masa littafin da na kwafe takardar a ciki. Bai karɓa ba. Ya jingina da kujera ya ɗaga murya yadda na bencin ƙarshe za ta ji.

"Mi kic ce? Wanga mai gemen za a yi ma rigakahi? Malama, nan na ɗiya ƙanana na da mata masu ciki. Ku koma inda anka yanke shi."

Mata suka fashe da dariya, wasu suna rufe baki da mayafi. Ban ga laifinsu ba sosai, abin da ba su taɓa gani ba ne. Amma shi ma'aikacin fa? Ko da a ce ba shi da alluran, ko da a ce littafinsa ba shi da gurbin babban mutum, me zai rage shi da shi in ya shiga da mu ɗaki ya faɗa mana a hankali, ya nuna mana inda za mu samu? Ya zaɓi ya ba matan nan dariya da mutumin da bai fi wata guda da tashi daga gadon fiɗa ba. Na faɗa masa maganganu a ranar, ban tuna duka ba. Da na waiwaya Yaya ya riga ya kai wurin babur. Muka kamo hanyar gida.

Labarin ya riga mu isa majalisa. Kafin magariba an raɗa masa suna, jinjirin Malama. Mutanen da suka ba shi jininsu, su ne dai suke tambayarsa ko an ba shi kati, ko yaushe zai koma awo. Wasa suke yi, na sani, haka suke yi da junansu tun suna kiwon awaki. Amma wasan nan ya rufe ƙofar da na sha wuya kafin in buɗe. Daga baya na je Sakkwato sau biyu na bincika, aka ce ana samun alluran in an sa a kawo, har na sami wanda zai yi masa a keɓe ba tare da kowa ya gani ba. Yaya ya ce lokacin ban-ruwa ne. Na sake magana, ya ce lokacin taki ne. Na uku ya kashe wayar.

Kuma ga shi ya warke sumul. Ɗinki ya haɗe, ƙiba ta dawo, murya ta dawo. Yana ɗaukar buhun taki a ka kamar da. Duk zuwan da zan yi gida sai wani ya nuna mini shi ya ce, to Malama, ga ɗan goyenki can yana noma. Wata ɗaya, biyu, huɗu, ko mura bai yi ba. Sai na fara sassautawa. Na gaji da zama abin dariya a gidanmu, na gaji da a ce boko ya sa mini tsoro. Har na fara raya wa kaina ko likitar nan ta ƙara gishiri ne don mu kula.

Da bazara ta kama, lokacin cirar albasa, aka ba mu hutu na taho gida da yarana. Wannan lokacin ba manomin da ke da sukuni. An tara 'yan ƙwadago, albasa tana zube a gona tana shan rana, ana jiran motar masu saye. Rana ta uku da zuwana, da hantsi, sai ga Yaya an rako shi daga gona. Ana zafin da ƙarfe ba ya taɓuwa, shi kuwa haƙoransa suna haɗuwa. Ya ce kansa ne kamar ana sara. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, inda Baffa ke zaune da baƙi biyu da wasu daga cikin mutanen gona. Na leƙa na taɓa goshinsa. Na san wannan ce ranar da aka ja wa layi biyu.

Na shiga wurin Inna, ta ce in faɗa wa Baffanmu, ita ba ta da ta cewa a gaban maza. Matarsa tana tsaye a bakin madafa hawaye na zuba, ita ma ba huruminta ba ne ta leƙa zaure. Saura ni. Na gyara mayafi, na durƙusa daga bakin ƙofa, na gaida baƙi, na ce Baffa, a nemo mota yanzu a kai shi Sakkwato, wannan ne abin da takardar ta faɗa. Baffa bai yi fushi ba. Da ma ya yi, da wataƙila na sami abin turewa. Cikin taushi ya amsa, irin yadda ake lallashin yaro.

"Ɗiyata, zazzaɓi dai na. Tun shina goye shika yin shi. A dahwa mai ganye shi yi surace. In ya kwana ukku bai sauka ba, ni da kaina nika kai shi."

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce ai zafin rana ne, duk bana haka ake ta yi. Wani daga mutanen gona ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, na kuma san me ya tuna. Na sake cewa, Baffa, likita ta ce awa za a ƙirga. Ya ce, na ji. A gidanmu in Baffa ya ce na ji, an rufe magana. A daidai nan Yaya ya buɗe ido daga kan tabarma ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Na ɗauka gargaɗi ne, cewa kada in sake kunyata shi a gaban mutane kamar yadda na yi a ranar rigakafi. Sai na tashi na koma ciki. Ba komawa kawai na yi ba. Da aka kawo ganyen dogonyaro, ni na hura wutar, ni na ɗora tukunyar. Hannuna yana aiki, kaina yana ƙirga awa.

Da azahar Yaya ya fara amai. Ya ce a rufe ƙofar zauren, haske yana soka masa ido. Na sake zuwa bakin ƙofa na tsaya, na ga baƙin ba su tafi ba, na juya. Da la'asar Inna ta kasa daurewa ta fita da kanta, ta kira shi, ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Aka zo ɗaga kansa a ba shi ruwa, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa. Sai ga kowa yana gudu. Baffa da kansa, ba hula, yana tsakiyar hanya yana tsayar da mota. Motar da aka samu cikin minti kaɗan, tun hantsi tana nan a bakin kasuwa.

A asibiti likitan da ya karɓe mu ya ga tabon fiɗa, ya tambayi me aka cire. Aka ce saifa. Ya tambayi yaushe zazzaɓin ya fara, aka ce da hantsi. Ya dubi agogonsa. Ya tambaya ko ba a faɗa mana komai ba ranar sallama. Duk suka juyo suka dube ni, ni mai karatun. Na ce an faɗa mana.

Sanƙarau ne. Kwana biyar bai san inda kansa yake ba, ana ta ɗura masa magani ta jijiya. Ranar da ya farfaɗo muka yi ta hamdala, matarsa ta durƙusa a bakin gadon tana yi masa sannu. Ya zuba wa bakinta ido. Ya dubi Inna, ya dube ni. Sannan ya tambaya, da wata irin murya mai ƙarfi marar daidaito, don me kowa yake motsa baki ba ya magana. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce mu jira ko zai dawo. Muka jira. Kunnuwan biyu duka sun tafi.

'Yan dubiya suka sake cika mota. Wannan karon ba barka suke cewa ba, ƙaddara suke cewa. Ni musulma ce, na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, ba wanda zai koya mini wannan. Amma na san mutanen nan. In ɗayansu ya shiga gona da safe ya ga ganyen albasa ya fara nuna alamar tsutsa, kafin azahar ya goya tankin feshi. Ban taɓa jin wanda ya ce a bar albasa ta kwana uku a gani ba. Ɗan'uwansu ne kaɗai ya cancanci jira. Na zauna a gefe ina amsa gaisuwa, ina cewa amin. Ina jin haushin mai farar rigar da bai tsaya ba, da ma'aikacin da har yau yana nan a teburinsa, da majalisa da sunan da suka raɗa, da akwatin littattafai. Baffa kuwa tsufa ya sauko masa lokaci guda. Bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga masa ba. Na dai lura ya daina kallon idona.

Bayan an sallamo Yaya aka saya masa ɗan littafi da biro, duk mai magana da shi sai ya rubuta masa da ajami. Gona ta gagare shi a farko, don jiri yana ɗibarsa in ya yi tafiya mai nisa. Sai ya koma zama a tsakar gida yana tsintar albasar da za a adana, yana ware mai tabo daga mai lafiya. Wata ranar Juma'a da yamma, ana gobe zan koma Rabah, gidan a cike, Inna tana tankaɗe, matarsa tana wanke-wanke, Baffa ya shigo ya zauna a kan buzunsa a gindin bango. Yaya ya yafito ni da hannu. Na je na durƙusa kusa da shi. Ya matso da bakinsa saitin kunnena, ya kare da tafin hannu, irin na mai faɗin asiri. Shi a ganinsa raɗa yake yi. Muryar ta cika gidan har zaure.

"Malama, ran nan na san wanga zazzaɓi ba irin na da ba na. Tun gona nij ji. Amma ni ban iya cewa a kai ni asibiti gaban Baffa da mutanen gona. Ke nika jira. Jira nika yi ki tada hitinag ga taki, in ce ke kinka matsa man. Har dubin ki niy yi. Mi yas sa kinka yi shiru?"

Rariyar Inna ta tsaya. Ban waiwaya wajen Baffa ba. Na buɗe baki na fara ba shi amsa, na ce na ɗauka hana ni yake yi, na ce na ji kunyar baƙi, na ce ya yafe mini. Ya bi leɓɓana da ido har na gama, ya girgiza kai alamar bai gane ba. Ya laluba aljihu ya ciro ɗan littafin, ya buɗe sabon shafi, ya ɗora mini a cinya tare da biron.

Na riƙe biron har aka kira magariba ban rubuta komai ba. Da ya ga mutane suna tashi alwala, ya miƙo hannu ya karɓi littafinsa, ya duba shafin, ya mayar aljihu.